Shekara Bakwai Bayan Ya Falmata: Ko Digirinta Ya Biya?

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Falmata, wadda mu 'yan gida da rabin mutanen layinmu a unguwar Bulumkutu ta Maiduguri muke kira Ya Falmata. Duk shekara idan wannan wata ya kama, abin da muke yi bai wuce a dafa abinci a raba wa maƙwabta, a karanta abin da ya sawwaƙa, a yi mata addu'a, kowa ya koma harkarsa ba. Ban taɓa tunanin rubuta wani abu a kanta a jarida ba, don ita kanta ba mai son a riƙa ambatonta a bainar jama'a ba ce. Bana dai 'yarta Yagana ta ajiye min wata tambaya da ta hana ni sakat, na ga gara in zazzage abin da ke cikina a nan.

Yagana tana hannuna tun rasuwar uwarta. Ta gama difloma a fannin shari'a, irin wadda uwar ta fara da ita, sai ga hanya biyu sun buɗe mata a lokaci guda. Wata ƙungiyar agaji ta ba ta aikin mataimakiyar lauya a garuruwan da ake mayar da mutanen da rikici ya raba da gidajensu. Aikin shi ne ta saurari koken mutane, ta cike musu takardu, ta haɗa su da lauya in magana ta kai gaban alƙali. Jami'a kuma ta ba ta gurbin digiri. Ba na zama lauya ba ne, wannan gurbin ya fi ƙarfinmu, wani fanni ne da ke maƙwabtaka da shari'a. Aikin a wajen gari yake, karatun kuma na kullum ne, don haka ba sa haɗuwa. Kafin wata ya ƙare dole ta saki ɗaya ta kama ɗaya. Shi ne ta same ni ina gyara takardun ɗalibai a tsakar gida, ta durƙusa ta ce, “Kawu, da Mama tana nan, me za ta ce in yi?”

Gara in faɗa tun yanzu cewa ni ba alƙalin da ya dace da wannan shari'a ba ne, don ina da hannu a ciki. Malamin sakandare ne ni, mai digiri, kuma akwai ɗalibina da na kora daga aji saboda barci wanda yau yake tuƙa keke napep, in ya ɗauke ni ya ƙi karɓar kuɗina don tausayi. In Yagana ta kama aiki, nauyin gidan nan zai ragu a kaina tun daga wata mai zuwa. In ta tafi jami'a, zan ƙara ɗaure ciki na wasu shekaru. Zuciyata ta san amsar da take so. Amma ba ra'ayina yarinyar ta tambaya ba, na uwarta ta tambaya, kuma ƙarya a bakin mamaci ba abin da zan iya ɗauka ba ne.

Ya Falmata ta dawo gidanmu da goyon Yagana bayan mijinta ya rasu a hatsarin mota. Da ta fita takaba ba ta zauna jiran kowa ba. Ta ɗauko takardar diflomarta daga ƙasan akwati, ta yi ta yawon ofis-ofis, har ta samu wuri a ofishin wani lauya da ke saman bene, ƙasansa kuma shagon kayan gyaran mota. Mutumin kudu maso gabas ne da ya daɗe a Maiduguri har Hausarsa ta ɗauki karin Barebari, in ya yi gaisuwarsu ta “wushe, wushe” sai ka waiga ka ga ko dattijon unguwa ne ya shigo. Kowa Barista yake ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan.

Da buga takardu ta fara. A hankali aikin ofishin ya taru a hannunta. Ita ke tarbar mai ƙara, ta zaunar da shi, ta bar shi ya gama gaisuwarsa da kewaye-kewayensa, ta tsamo abin da ya kawo shi, ta mayar wa Barista da shi a taƙaice. Ita ke kai takardu kotu, ta san magatakardan da ake samu da safe da wanda sai bayan azahar. Mutanen kasuwar kifi ta Baga Road sun fi kowa saninta, don rigimar rumfa da ta sito ba ta ƙarewa a can. Sukan ce mata “ƙaramar lauya”, ita kuma ba ta taɓa barin sunan ya wuce ba. Takan ce, “Ni ba lauya ba ce, akawunsa ce. Lauyan yana ciki.” Mace ce mai tsare gida, ba ta ɗaukar wargi, amma in ta sake da kai za ta tsokane ka har ka gudu. Ni takan kira ni “Farfesa”, musamman ranar da na zo neman aron kuɗin mota.

Shekaru ta yi a haka, kuma in ka tambaye ta batun ƙarin karatu sai ta yi dariya. Ta ce me digiri zai koya mata wanda matattakalar kotu ba ta koya mata ba. Ni ma a lokacin ina ganin gaskiyarta.

Abin da ya juya ta ya faru ne a gidan makoki. Akwai wani dillalin busasshen kifi da Barista yake kare wa shari'a a kan wani sito a kasuwa. Aka yanke hukunci bai yi masa daɗi ba, ya ce zai ɗaukaka ƙara, sai ciwo ya kwantar da shi, cikin 'yan kwanaki ya rasu. Ya Falmata ta je ta'aziyya. Matarsa, Hajja Kaltume, ta ja ta gefe cikin ɗakin takaba, ta ce marigayin ya bar maganar kotu, yaya za a yi? Yayata ta dubi matar, ta tuna nata zaman a irin wannan ɗaki, ta tuna yadda ko ƙarar cokali take damun mutum a kwanakin nan. Sai ta faɗi abin da duk mai tarbiyya a garin nan zai faɗa. Ta ce, “Hajja, ba yanzu ba. Ki yi takabarki cikin natsuwa. In kin fita sai mu zauna.”

Ba wai ba ta san ana yanka wa ɗaukaka ƙara wa'adi ba. Ta sani sarai, ta buga irin takardun ba adadi. Abin da ta ɗauka shi ne mutuwa tana tsayar da wa'adin, yadda take tsayar da komai a wurinmu. Ana ɗage biki saboda rasuwa, mai bin bashi yana jin kunyar zuwa ƙofar gidan makoki, har rigimar maƙwabta takan lafa. Ba ta ga dalilin da kotu za ta fita daban ba, kuma abin bai yi mata kama da tambayar da za a kai wa Barista ba. Ta dai gaya masa mutumin ya rasu, iyalinsa za su zo in sun natsu. Shi kuma ya ɗauka sun haƙura da shari'ar ne.

Da Hajja Kaltume ta fita takaba ta zo ofis da ɗan'uwan mijinta. Barista ya buɗe fayil, ya dubi ranar hukunci, ya cire tabarau. Wa'adi ya wuce tun tuni. Ya Falmata ta ba ni labarin abin da ya ce mata bayan baƙin sun fita, ba da faɗa ba, wanda ta ce ya fi faɗa ciwo. Ya ce, “Falmata, da kin gaya min abin da matar ta tambaye ki, da mun shigar da takarda mun nemi a sa sunan magada a madadin nasa. Ita ko ƙofar ɗakinta ba sai ta taka ba.” An nemi kotu ta ƙara lokaci, don akan samu haka wani lokaci. Amma kafin a saurari roƙon, wanda ya ci shari'ar ya sayar da siton, wanda ya saya ya rushe ya yi nasa gini. Magana ta ƙara tsawo da tsada, ƙarfin matar ya ƙare, ta kwashe 'ya'yanta ta koma wajen danginta.

Ba wanda ya zargi yayata. Ita Hajja Kaltume har godiya ta yi mata, ta ce haka Allah ya rubuta. Wannan godiyar ce ta fi damunta. Na tarar da ita a kan tabarma da la'asar, abinci a rufe a gabanta bai taɓu ba, ta ce min, “Farfesa, na san yadda ake yin komai a ofishin nan, amma ban san dalilin ko ɗaya ba. Ran da abin da ban taɓa gani ba ya zo, da hankalin gida na auna shi.” A makon nan ta fara tambayar yadda ake shiga karatun ƙarshen mako.

An faɗa mata tun a bakin ƙofa cewa wannan digirin na ƙarshen mako ba zai kai ta ga sa hular lauya ba. Za ta karanta shari'a ta gama, ta dawo kan kujerar da ta bari. Mu 'yan gida muka taru a kanta. Mahaifiyarmu ta ce mace mai 'ya ba ta da miji, abin da ya kamace ta shi ne ta tara abin da za ta aurar da yarinyar. Ni na kawo nawa lissafin na malaman makaranta, na nuna mata cewa ko albashinta ya ƙaru, za a daɗe kafin ƙarin ya mayar da abin da za ta kashe. Ta saurare mu duka har muka gaji, ta yi mana godiya, washegari ta kai 'yan kunnenta na aure kasuwa. Daga baya keken ɗinkinta ya bi su.

Wanda bai zauna a Maiduguri a waɗannan shekaru ba, ba zai gane abin da ake nufi da zuwa lacca daga Bulumkutu zuwa jami'a can wajen Mairi ba. An hana babur, keke napep bai wadata ba tukuna, shingen bincike kuma a kowace kwana. Wani wurin sai an sauko an taka da ƙafa, hannu a sama. Ga dokar hana fita da take iya sauka tun rana ba ta faɗi ba. Akwai ranakun da ta isa aji aka ce malami bai samu hanya ba, ta juyo. Akwai zangon da yajin aiki ya haɗiye gaba ɗaya. Karatun da aka ce mata na 'yan shekaru ne ya yi ta miƙewa har muka daina tambayarta yaushe za ta gama. Ta rame, ta fara sa tabarau, ta zauna aji ɗaya da yaran da ta girme wa nesa ba kusa ba, suna ce mata “Anti”. Ta ce min abin da ya fi ba ta wahala ba karatun ba ne, zama ne a gaban malamin da bai taɓa shigar da takarda a kotu ba, tana jin yana kuskure a kan yadda ake yi, ta yi shiru saboda ta san a kan dalilin yin ya fi ta.

To me ta samu? Da ta kawo sakamako Barista ya yi murna ƙwarai, ya sayo lemo ya raba wa har masu shagon ƙasa, ya ƙara mata ɗan abin da ofishinsa zai iya, wanda bai taka kara ya karya ba. Da a nan labarin ya tsaya, da lissafina ya ci. Sai ga ƙungiyoyin agaji sun cika gari suna neman masu taimaka wa 'yan gudun hijira a kan takardu da gado da filaye, kuma layin farko a tallarsu shi ne mai nema ya kasance yana da digiri. Akawunan lauyoyi da suka fi ta daɗewa a aiki ko kiran ganawa ba a yi musu ba. Ita aka ɗauke ta, aka ba ta yara tana koya musu. Karon farko a rayuwarta ta ga albashin da ke kaiwa ƙarshen wata har ya bar saura. Ta gyara rufin ɗakin mahaifiyarmu, ta daina bari in biya kuɗin makarantar Yagana.

Ba ta kai shekara biyu a aikin ba ciwon ƙoda ya kama ta. Abin da ta tara ya tafi asibiti, ita ma ta tafi. Na ji da kunnena, a zaman makokinta, wani dattijo daga danginmu yana cewa a hankali, wahalar banza, duk shekarun nan don ɗan wannan. Raina ya ɓaci, amma in da ma'aunin kasuwa za a auna, bai yi ƙarya ba.

Sai dai akwai abin da na gani wanda ma'aunin kasuwa ba ya ɗauka. A sabon aikin nata ta fito da wata ɗabi'a da ta jawo mata surutu. Duk gidan da aka yi rasuwar magidanci a sansani ko a unguwa, in ta je ta'aziyya, bayan an shafa addu'a sai ta matsa kusa da matar, ta rage murya, ta tambaye ta ko marigayin ya bar wata magana a kotu ko a wani ofishi. Tsofaffin mata suka yi mata caa. Wata ta ce mata a gaban mutane, “Ke ba ki da kunya ne? Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba.” Ba ta yi musu ba, ba ta kuma daina ba. Ta koya wa yaran da ke ƙarƙashinta yadda ake yin tambayar ba tare da an ci mutuncin makoki ba: ba a ranar farko ba, ba a gaban surukai ba, kuma mace ce za ta shiga wajen mace. In akwai takarda, su za su ɗauka su kai wa lauya, mai takaba ta ci gaba da zamanta. Za a iya cewa ba sai da digiri ake koyon wannan ba, kuskure ɗaya ya isa. Na taɓa faɗa mata haka. Ta ce kuskuren ya koya mata rami ɗaya ne, karatun ya nuna mata inda sauran ramukan suke tun ba ta jefa wani a ciki ba. Ta ƙara da cewa ba don takardar ba, wa zai ba ta yara ta koya musu?

Yau in ta leƙo garin nan ban san me za ta fara cewa ba. Hanyar da take sha da ƙyar yanzu keke ɗaya ke kai mutum. Yaran ofisoshin lauyoyi da waya suke tsara takardar rantsuwa kafin ka gama gaisawa da su, abin da take kwashe rabin yini tana bugawa. Na tabbata za ta karɓi wayar ta duba, ta nemo kuskure ko da na waƙafi ne, don kada a ce ta yarda da sauƙi. Aikin kuwa bai ragu ba. Ambaliyar da ta shiga unguwanni ta jiƙa takardun filaye da na gado na mutane da yawa, waɗanda aka mayar garuruwansu kuma suna tarar da wasu a gonakinsu. Amma ƙungiyoyin da suka ɗauke ta suna ta naɗe tabarma, waɗanda suka rage aikin 'yan watanni suke bayarwa, a sabunta ko kada a sabunta. Digirin da ya fitar da ita daga cikin taro yanzu kowa yana da shi, har da masu sayar da katin waya a bakin titi. Kuɗin makaranta kuma ya tashi ya bar irinmu a ƙasa. Wanda ya ce maka ya san wace hanya ce mai ɓullewa a wannan zamani, yana faɗa ne kawai.

Haka na yi ta jujjuya maganar har ranar da muka yi sadakar bana. Da hantsi, bayan an sauke tukwane, na tarar da Yagana a gindin bishiyar darbejiyar gidanmu tana gyara busasshen kifin miyar rana. Na jawo kujera na zauna. Na ba ta labarin nan duka, har da na Hajja Kaltume wanda ba ta taɓa ji ba. Na gaya mata abin da karatun ya ci da abin da ya kawo, ban rage ba, ban ƙara ba. Na kuma gaya mata gaskiya cewa aljihuna ya fi son ta kama aiki, don haka ta riƙa tace maganata. A ƙarshe na ce ban san abin da uwarta za ta ce ba, kuma ba zan ƙirƙira mata ba.

Ta ci gaba da ɓare kifi tana zare ƙaya. Can ta ce, “Kawu, kun lissafa 'yan kunne, kun lissafa keken ɗinki da kuɗin mota. Ni ba wanda ya lissafa ni.”

Na ce ban gane ba.

Ta ce, “Litinin zuwa Juma'a tana ofis. Asabar da Lahadi tana makaranta. In ta dawo littafi ne a hannunta, in na yi magana ta ce in bari ta gama shafin nan. Kullum cewa take, saura kaɗan Yagana, in na gama za ki gaji da ganina. Ranar saukarmu ta Alƙur'ani tana da jarrabawa. Na karanta nawa ina ta duban ƙofa. Sai da ana kwance rumfa ta iso da gudu, mayafinta duk ƙura, ta rungume ni tana ba ni haƙuri, na ce mata ba komai. Da ta gama karatun sai sabon aiki, da aikin ya fara sauƙi sai asibiti. Ban gaji da ganinta ba, Kawu.”

Ina wurin saukar nan, ni na raba wa baƙi lemo, kuma abin da na riƙe daga ranar shi ne yarinyar ta yi karatu mai kyau. Duk shekarun da na yi ina auna digirin yayata, ina sa kuɗi a hannu ɗaya albashi a ɗayan, wadda ta biya kaso mafi tsada tana cin abinci a gidana ban taɓa tambayarta ba. Na ce, to ke nan aikin za ki kama. Har ga Allah na ɗauka inda maganar ta dosa ke nan.

Ta girgiza kai. “A'a. Digirin zan yi. Na san aikin nan, Kawu, na ga yadda ake yi. Zan kama shi da difloma, in yi shekaru, wata rana a ce ba a ƙara min matsayi sai da takarda, ko in yi wa wani ɓarna saboda abin da ban sani ba. Lokacin nan ina da aure, ina da yara, sai in fara cewa saura kaɗan. Gara in yi shi yanzu da ba kowa a bakin ƙofa yana jirana.” Ta ƙara da cewa ta san nauyi ne a kaina, za ta nemi ofishin lauya ta riƙa yin aikin hutu, ba za ta zauna ta zuba min ido ba.

Na tambaye ta ko tana jin haushin uwarta. Ta ce da can ta ji, sosai ma, har takan ɓoye mata biro don kada ta yi karatu. Yanzu kewarta kawai take yi. Ta share ido da gefen mayafi, ta ce in tashi daga nan kafin warin kifi ya kama rigata ta sadaka.

Ta rubuta wa ƙungiyar ta ba su haƙuri. Ban sani ba ko za a sake samun irin wannan aikin lokacin da za ta gama, ko ƙungiyoyin ma za su kai lokacin. Mai yiwuwa ne nan gaba ta riƙe digiri tana yawon nema, ta tuna aikin da ta saki, ni kuma in tuna ban hana ta ba. Wannan tsoron yana nan, ban ga amfanin ɓoye shi ba. Na dai fara neman darasin yamma a wata makarantar kuɗi, abin da na rantse a baya ba zan ƙara yi ba.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Ya Falmata bayan shekara bakwai, ba gida ba ne, ba fili ba ne, ba ta bar ko ɗaya ba. Akwai mata a garin nan da ba su san sunanta ba, waɗanda haƙƙin 'ya'yansu bai salwanta ba don wata yarinya ta shigo ɗakinsu ta yi musu tambayar da ake jin nauyin yi. Akwai kuma 'ya guda, mai taurin kai irin nata, wadda ta kalli rayuwar uwarta ba tare da ta ƙawata ta ba, ta ɗauki abin ɗauka ta ajiye na ajiyewa. Allah ya haskaka kabarinki, Ya Falmata, ya yafe miki kurakuranki, ya sa wahalar da kika sha ta zame miki hutu. Har yau Farfesanki bai iya cewa ko digirin ya biya ki ba. Amma wadda aka cire kuɗinsa daga ƙuruciyarta ta ce ita ma za ta yi, sai dai da nata lokacin za ta biya, ba da na 'yar da za ta haifa ba.